Faransanci a Bakin Gulbin Kabi: Harshen Maƙwabta da Muka Bar wa Tafinta

Wanda ya tashi daga Birnin Kebbi da sassafe ya nufi yamma, kafin azahar ya fita daga ƙasar da ake rubuta takarda da Ingilishi. In ya bi ta Kamba zai faɗa Gaya ta Jamhuriyar Nijar, daga nan kuma gada ɗaya ce tsakaninsa da Malanbil ta Jamhuriyar Benin. In ya bi ta Argungu ya ratsa ƙasar Arewa, hanya za ta kai shi Dogon Dutsi da Doso. In kuwa ta Bagudo ya bi, Segbana ce a gabansa. Kebbi na cikin jihohi ƙalilan a Najeriya da suka haɗa iyaka da ƙasashen waje biyu, kuma dukansu biyun da Faransanci suke aikin ofis.

A duk garuruwan nan Bakabe ba ya rasa abokin hira. Da Hausa zai yi ciniki, da Zabarmanci ko Dandanci zai gaisa da surukai, da Fillanci zai taya sa a kara. Wahala tana farawa ne a lokacin da takarda ta fito: rasit ɗin kwastan, takardar mota, sammacin jandarma, takardar maganin da likita ya rubuta, ko yarjejeniyar da ake so ya sa wa hannu. A nan ne attajirin da ya loda tirela guda ta albasa yake komawa yana waige-waige, yana neman yaron da ya yi lakwal, wato bokon Faransanci, ya karanta masa. Tafinta kuwa kamar jirgin fito yake: zai ƙetarar da kai, amma kullum sai ka biya, kuma sai lokacin da mai jirgi ya shirya.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a duk Najeriya da wuya a sami wanda Faransanci ya fi kusa da bakinsa kamar mutumin Kabi. Hausarsa tana ɗauke da rabin ginin nahawun harshen, karatun allo da na zaure sun horar da kunnensa da ƙwaƙwalwarsa, masu jin harshen kuma suna maƙwabtaka da shi.

Yadda iyaka ta raba harshen takarda

Kafin zuwan Turawa, ƙasar da ke tsakanin Argungu da Doso da Gaya zumunci ɗaya ce. A 1849, lokacin da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabi, Arawa da Zabarmawa da Dandawa ne suka tsaya tare da shi. A 1891 wani hafsan Faransa mai suna Monteil ya ratsa Argungu a zamanin Sarkin Kabi Sama'ila, a kan hanyarsa daga Sayi zuwa Sakkwato. A lokacin Ingila da Faransa sun riga sun fara ja layi a kan taswira. Yarjejeniyar 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, aka sake gyara ta a 1904, sannan tsakanin 1906 da 1908 tawagar Tilho ta Faransa da ta O'Shee ta Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamun iyaka.

Layin nan ya raba ƙasar Arewa biyu: Kangiwa ta faɗo Najeriya, Dogon Dutsi da Matankari suka faɗa Nijar. Dandi kuwa uku aka raba ta, tsakanin Kamba da Gaya da Malanbil. A Dole Kaina cikin gari ɗaya iyakar ta ratsa. Auratayya ba ta tsaya ba, fatauci bai tsaya ba, su da kokawa ba su tsaya ba. Makaranta da kotu da ofis ne suka rabu, kowane ɓangare da harshen wanda ya mallake shi.

Wannan ya bar wa masu nazarin tarihin Kabi wani aiki. Sashe mai yawa na abin da aka rubuta game da ƙasar nan da Faransanci yake: labarin tafiyar Monteil, kundin tawagar Tilho da ya tattara tarihin sarautun yankin daga bakin dattawa, da littafin Marc-Henri Piault na 1970 a kan tarihin Arawa. Ɗalibin da ya zagaya Gidan Tarihi na Kanta a Argungu ya ga kayan yaƙi da tambura, in yana son sauran labarin sai ya iya karanta abin da ke ajiye a Yamai.

Doka ta ce, aji bai gani ba

A 1996 Janar Sani Abacha ya bayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a Najeriya, Manufar Ilimi ta Ƙasa kuma ta shigar da shi cikin darussan da ake so kowane yaro ya taɓa a matakin farko na karatu. Dalilin a fili yake: Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, wato duk ƙasashen da suka kewaye Najeriya ta tudu, suna aiki da shi. Tun 1991 ma gwamnatin tarayya ta kafa Ƙauyen Koyon Faransanci a Badagry ta jihar Legas, domin ɗaliban jami'a su je su zauna cikin harshen, maimakon a riƙa tura su waje da kuɗi masu yawa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato tana ba da digiri a fannin, hukumomin WAEC da NECO kuma suna shirya jarrabawarsa, har da ta baka.

Sai dai doka ba ta shiga aji ta riƙe alli. A makarantun gwamnati da yawa, musamman na karkara, darasin yana cikin jadawali amma babu malaminsa. Inda aka dace da malami, sau da yawa abin da yaro ke fita da shi bayan shekara uku bai wuce gaisuwa da ƙirga ɗaya zuwa goma ba. Littattafan da ake amfani da su an rubuta su ne da Ingilishi, harshen da shi kansa yaron bai gama kamawa ba. Sai ya zamana ana koya masa baƙon harshe ta cikin wani baƙon harshe, alhali Hausar da ke bakinsa ta fi Ingilishin kama da abin da ake so ya fahimta.

Ko har yanzu akwai buƙata?

Tambaya ce da ta dace, ganin abin da ya faru a Nijar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 dangantakar Yamai da Faris ta lalace, sojojin Faransa suka fice, Nijar ta bar ECOWAS a Janairun 2025. A watan Maris na 2025 ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, ƙungiyar da a birnin Yamai aka aza harsashinta a 1970, zamanin Diori Hamani. Sabon kundin mulkin da ƙasar ta amince da shi ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, abin da ya faranta ran Hausawa ko'ina. Amma kundin ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, kuma dokoki da takardun kotu da na asibiti da na jami'a da aka tara cikin shekaru fiye da 60 ba za su koma Hausa a dare ɗaya ba. A Benin da Togo da Kwaddibuwa da Senegal kuwa Faransanci na nan daram. Ƙididdigar ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta 2022 ta nuna mutum miliyan 321 ne ke jin harshen a duniya, kuma mafi yawan masu amfani da shi kullum a Afirka suke.

Hulɗar Kebbi da waɗannan ƙasashe ta wuce ta kasuwar mako. Tun 1976 layin wutar lantarki ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, kuma sabon babban layin da aka tsara ya haɗa Najeriya da Nijar da Benin da Burkina Faso daga Birnin Kebbi zai taso. Shinkafar fadamar Argungu da albasar Aliero da kifin Yawuri duk suna da masaya a ƙetare. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin kundin al'adun duniya a 2016, yana jawo baƙi daga ƙasashen da ba sa jin Ingilishi. Injiniya da jami'in kwastan da ma'aikaciyar jinya da ɗan jarida da mai yi wa baƙi jagora, kowannensu in ya ƙara Faransanci a kan aikinsa ya ƙara wa kansa daraja.

Masu ƙyamar harshen saboda na 'yan mulkin mallaka ne suna da hujjar da ba za a raina ba, domin Arawa ba su manta ɓarnar da rundunar Voulet da Chanoine ta yi a 1899 ba, har ta kai ga garin Lugu na Sarauniya Mangu. Amma jin harshen mutum ba mubaya'a ba ce gare shi. Malamai suna kawo labarin yadda Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu. A garin Sayi na Nijar kuwa tun 1957 aka buɗe madarasar da ke haɗa Larabci da Faransanci, kuma irinta sun yaɗu a faɗin ƙasar.

Kalmomi: jarin da ke hannu tun kafin a fara

Mai koyo daga Kebbi ba ya farawa da hannu wofi. Rumbunsa na farko shi ne Hausar ƙetaren iyaka, wadda kunnensa ya saba da ita a kasuwar Kamba. Lakwal daga "l'école" take, mushe daga "monsieur", duwan daga "douane", kamiyo daga "camion", isansi daga "essence", buro daga "bureau", kaye daga "cahier", mangaza daga "magasin". Aikinsa kawai ya mayar da kowace kalma ga asalin rubutunta da furucinta. Rumbu na biyu Larabci ne, wanda Hausa da Faransanci duk suka ɗebo daga gare shi: sukari da "sucre", gahawa da "café", sifiri da "chiffre". Na uku Ingilishin makaranta ne, domin dubban kalmomi rubutunsu ɗaya ne ko kusan ɗaya a harsunan biyu, tun daga lokacin da Normandawa masu jin Faransanci suka ci Ingila a 1066.

Wannan rumbu na uku yana da tarko. "Librairie" kantin sayar da littattafai ne, laburare kuwa "bibliothèque" ake ce masa. "Attendre" jira ne, ba halarta ba. "Monnaie" yawanci canji ake nufi da shi, kuɗi kuma "argent". Duk kalmar da ta yi kama da ta Ingilishi, a duba ƙamus kafin a amince da ita.

Babu inda mai koyo ya fi shan wuya kamar lissafi. Daga 1 zuwa 69 komai yana tafiya daidai. Daga nan sai 70 ta zama "soixante-dix", wato sittin da goma. 80 ta zama "quatre-vingts", ashirin sau huɗu. 96 kuma "quatre-vingt-seize", ashirin sau huɗu da sha shida. Lambar wayar Nijar guda takwas ce kuma bibbiyu ake karanta ta, shi ya sa sabon shiga kan rubuta 4 da 20 da 16 a inda ake nufin 96. Amma Bahaushen da ya gaji faɗin ashirin biyu babu a maimakon sha takwas ya san cewa ana yin lissafi a cikin sunan lamba. Ɗan kasuwar iyaka ma ya riga ya saba da abin da ya fi wannan wuya: a bakin Hausawan Nijar dala ɗaya sefa 5 ce, dala ɗari sefa 500, jaka guda sefa 1,000. Wanda ke juya naira zuwa dala, dala zuwa sefa a cikin kansa, "trois cent cinquante" ba za ta gagare shi ba.

Hikima ita ce kowa ya fara da kalmomin sana'arsa. Direba ya san "permis de conduire", "carte grise", "assurance" da "laissez-passer". Mai kantin magani ya san "ordonnance", da "à jeun" wato kafin a ci komai, da "date de péremption" wato ranar da magani zai lalace. Manomi ya iya karanta gargaɗin da ke jikin galan ɗin maganin feshi da ya shigo ta Kwatano. Kowa da kowa kuma ya san ma'anar "lu et approuvé", kalmomin da ake sa mutum ya rubuta kafin sa hannu, waɗanda ke nufin ya karanta kuma ya yarda.

Nahawu: inda Hausa ta riga Ingilishi

Abin da ya fi firgita mai jin Ingilishi a Faransanci shi ne kowane suna namiji ne ko mace, har da kujera da ruwa. Bahaushe da wannan ya tashi. Ya san farin doki da farar saniya, saboda haka "blanc" da "blanche" ba baƙin abu ba ne gare shi. Abin kiyayewa shi ne jinsin harsunan biyu ba kullum yake haɗuwa ba. Rana mace ce a Hausa, "le soleil" namiji ne. Wata namiji ne, "la lune" mace. Kasuwa mace, "le marché" namiji. Gida namiji, "la maison" mace. Kifi da "le poisson" sun dace, hanya da "la route" sun dace. Maganin wannan ɗaya ne: kada a taɓa haddace suna shi kaɗai, a haddace shi da "le" ko "la" ɗinsa, kamar dai su ne gaɓarsa ta farko.

Korewa ma gini ɗaya ce. Hausa tana sa aikatau a tsakanin "ba" biyu, Faransanci yana sa shi tsakanin "ne" da "pas": bai zo ba, "il n'est pas venu". Hausa tana da "an" da "ana" na wanda ba a ambata ba, Faransanci yana da "on": ana sayar da kifi a nan, "on vend du poisson ici". Akwai ita ce "il y a", babu kuma "il n'y a pas". Bahaushe yana da shekara ashirin, Bafaranshe ma haka yake cewa, "j'ai vingt ans". Yadda "za" take nuna tafiya a "za ni kasuwa" kuma take nuna abin da ke tafe a "zan saya", haka "aller" take yi a "je vais au marché" da "je vais acheter". Bambancin aikin da ya kammala da wanda ake cikin yi, wanda ke ɗaure wa ɗalibai kai a "passé composé" da "imparfait", shi ne bambancin da ke cikin jimlar nan: ina cin abinci sai ya iso, "je mangeais quand il est arrivé".

Ladabi ma yana da gurbinsa a nahawu. Yaron kirki a Argungu ba ya ce wa dattijo "kai", sai "ku". Haka "tu" take ta aboki da ƙane, "vous" ta babba da baƙo da ma'aikacin hukuma. Wanda ya ce wa jandarma "tu", ko ya fara bayani bai ce "bonjour" ba, ya ɓata rawarsa da tsalle tun kafin a buɗe takardunsa.

Akwai wuraren da harsunan suka saɓa. Hausa tana bambanta "ka zo" da "kin zo", Faransanci "tu" ɗaya gare shi. A wajen mallaka Hausa tana nuna jinsin abin da na mai abin a lokaci guda, kamar gidansa da rigarta, ko gidanai da rigatai a bakin Kabawa. Faransanci jinsin abin kaɗai yake dubawa: "sa maison" gidansa ne, kuma gidanta ne.

Babban aiki yana wajen aikatau. Hausa tana ɗora lokaci a kan wakilin suna, na tafi, ina tafiya, nakan tafi, Faransanci kuwa ƙarshen aikatau yake sauyawa. Amma wanda ya zauna a zaure ya yi tasrifin Larabci ya san wannan hanya, kuma a ƙasar Gwandu take da tushe, domin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Hisnur Rasin a kan sarfu da Bahrul Muhit a kan nahawu. Ga kuma sauƙi biyu. Mafi yawan aikatau na Faransanci suna ƙarewa da "er" kuma ƙa'ida ɗaya suke bi. Sannan a baki "je parle", "tu parles", "il parle" da "ils parlent" duk furucin aikatau ɗin ɗaya ne, bambancin a rubutu yake. Waɗanda sai an yi musu hadda ta musamman su ne "être", "avoir", "aller" da "faire", domin kusan babu hirar da za a yi ba tare da su ba.

Furuci: aikin leɓe da hanci

A nan ne Hausa ba ta da taimako mai yawa, sai an yi gumi. Wasulan Hausa biyar ne, kowanne da dogo da gajere. Na Faransanci sun haura goma sha biyu. Wanda ya fi ba da wahala shi ne "u", wanda ba irin namu ba ne. Namu "ou" ake rubuta shi. Dabarar fitar da shi ita ce mutum ya ce "i", ya riƙe harshensa a wurin, sannan ya tattara leɓɓansa kamar zai yi fito. Bambancin ba na ado ba ne: "dessus" sama ne, "dessous" ƙasa, "rue" titi ne, "roue" taya.

Sai wasulan hanci, irin na "bon", "banc" da "bain". Kuskuren da aka fi yi shi ne rufe su da "n" sosai. Mai tajwidi ya san yadda ake yi a ikhfa'i, inda harshe ba ya taɓa dasashi, sautin ya bi ta hanci da gunna. Haka "r" ta mutanen Faris daga maƙogwaro take fita, kusa da mafitar gainun na Larabci. Wannan kada ta hana kowa barci, domin a Yamai da Kwatano da Dakar mutane da yawa kaɗa ta suke yi kamar ta Hausa, kuma ana fahimtarsu sarai.

Inda ya wajaba a dage shi ne "p" da "f" da "v". Hausa ba ta da "p" da "v" a matsayin baƙaƙe masu zaman kansu, kuma a karin harshen yamma ko "f" ɗin takan koma "h" ko "hw", a ce tahi da hwara. Faransanci kuwa yana rataya ma'ana a kansu: "pain" burodi, "faim" yunwa, "vin" giya, "bain" wanka. Ga masunci ko mai sayar da kifi a bakin kogin Matan Fada misalin ya fi kusa: "poisson" kifi ne, "boisson" abin sha, "poison" kuma guba. Madubi yana taimakawa. A "p" leɓɓa biyu ne ke haɗuwa su buɗe, a "f" da "v" haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa, sai dai a "v" maƙogwaro yana rawa.

Bakin Bahaushe kuma ba ya son baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa yake cusa wasali a tsakani, "trois" ta koma turuwa. Sai a yi ta maimaitawa a hankali har wasalin ya fita. Rubutu ma yana da nasa halin. Baƙin ƙarshe sau da yawa ba a furta shi, kamar a "petit" da "beaucoup". Haruffa uku na "eau" sauti ɗaya suke bayarwa, wato "o". Amma in kalmar da ke biye ta fara da wasali, baƙin da ya yi shiru yakan farka ya haɗe da ita, "les amis" ta fito lezami. Wanda ya saba sadar da kalma da kalma a tilawa zai gane wannan da wuri. Kunnen da ya iya rarrabe karin sautin Hausa kuma kunne ne mai kaifi, in ya sami abin saurare.

Hanyar da ta dace da mu

Tsarin makarantar allo ya riga ya nuna yadda ake cin irin wannan karatu: a rubuta kaɗan, a biya a gaban malami, a maimaita da ƙarfi har ya zauna, sannan a ƙara. Kalmomi kaɗan a kowace rana, kowace a cikin jimla, sun fi shafi guda da za a haddace daren jarrabawa. Furuci kuwa daga baki ake ɗaukarsa, kuma bakin yana kusa. A Birnin Kebbi da Argungu da Kamba akwai 'yan Nijar da Benin da Togo da suka yi lakwal, teloli da magina da makanikai da matan aure. Da ɗan gari akan ci gari. Rabin sa'a na hira da ɗayansu kullum ya fi darasin mako.

Kayan aiki ma akwai. Abdou Mijinguini na Nijar ya wallafa Ƙaramin Ƙamus na Hausa zuwa Faransanci, Bernard Caron da Ahmed Amfani kuma suka fitar da ƙamus na Faransanci zuwa Hausa a 1997. Gidan rediyon Muryar Sahel yana ba da labarai da harsunan biyu, saboda haka mai koyo zai iya jin labari da Hausa, sannan ya bi shi da Faransanci yana tsintar kalmomi. RFI tana da labarai cikin sauƙaƙan Faransanci na minti goma, tare da rubutunsu a intanet. Manhajojin waya irin su Duolingo suna da amfani wajen maimaici, ko da yake ta Ingilishi ko Larabci suke bi. Mai son shaidar da duniya ta sani sai ya nemi jarrabawar DELF, mai matakai daga A1 zuwa B2, wadda ake rubutawa a cibiyoyin Alliance Française irin ta Kano, kuma takardarta ba ta tsufa. Masu sha'awar karatu a ƙetare su yi bincike kafin su biya kuɗi, domin a Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan fallasar takardun bogi.

Sauran aikin na hukuma ne. Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi suna da azuzuwan da za a iya buɗewa da yamma domin 'yan kasuwa da direbobi da ma'aikatan iyaka. Ma'aikatar ilimi ta jiha za ta iya fara tura malaman Faransanci zuwa ƙananan hukumomin Arewa da Dandi da Bagudo, inda yaro zai yi amfani da darasin safe a kasuwar yamma. Masarautun Gwandu da Argungu, da suke da zumunci da sarakunan Doso da Gaya da Dogon Dutsi, za su iya share hanyar musayar malamai da ɗalibai a lokutan hutu, ko da siyasar gwamnatoci ta yi tsami.

Abin da ya fi kowanne gaggawa shi ne littafin koyon Faransanci da aka rubuta da Hausa, wanda zai fara daga jinsi da korewa da "ku" ta ladabi, ya yi amfani da misalan fadama da kasuwa da tasha, ya ware babi guda ga "p" da "v" da wasulan hanci. Malaman da za su iya rubuta shi suna nan a Sakkwato da Birnin Kebbi da Yamai, kuma yanzu da Nijar ta ɗaga darajar Hausa, littafin zai sami masu karatu a ɓangarorin iyaka biyu. Gwamnatin jihar Kebbi ce ta fi cancanta ta kira su zama ɗaya, ta ɗauki nauyin bugawa, ta raba shi a makarantun iyaka kafin wani zangon karatu ya sake wucewa.